Bin Na Gaba Bin Allah Ne? A Tambayi 'Yan Ɗiban Gwamna

Jama'a, duk wanda ya halarci muhawarar da ƙungiyarmu ta yi da 'yan'uwanmu ɗaliban sashen shari'a a zangon karatun da ya wuce ya san an kayar da mu, kaye kuwa ba na wasa ba. Ba ni da ja da alƙalan muhawara, don mutanen nan sun fi mu shiri, sun fi mu iya jera hujja, ga su sun sha baƙi da fari reras kamar taron hankaki. Amma akwai wata magana da babban mai jawabinsu ya yi wadda ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, har yau ta ƙi wucewa. Cewa ya yi wai duk wanda ya aikata abu bisa umarnin doka ba shi da laifi, ko a wurin mutane ko a wurin Allah. In ma akwai alhaki, to, yana wuyan wanda ya kafa dokar. Sa'an nan don ya doke mu da sandarmu, sai ya rufe jawabinsa da karin magana, ya ce ai mu Hausawa ne muka ce bin na gaba bin Allah ne. Zaure ya kaure da tafi, har da waɗansu malamanmu da ke layin gaba suna ta gyaɗa kai.

Ran nan minti uku aka ba ni, na kuwa ɓata su wajen kame-kame. Yanzu da Edita ya ba ni fili zan mayar da martani a tsanake. Abin da nake cewa shi ne, doka da ikon gwamnati suna iya ɗaukar mutumin kirki, mai salla mai azumi, su sa shi ya aikata abin da ko a mafarki ba zai yi don raɗin kansa ba, kuma su ba shi hujjar da zai kwanta ya yi barci bayan ya aikata. Wannan hujjar ita ce abokinmu ya kawo mana a zaure muka tafa masa. Ni kuwa tawa hujjar daga gidanmu zan ɗauko ta, amma kafin mu shiga gida sai mun bi ta Jos.

A shekarar 1942 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A watan Fabrairu na wannan shekara sojojin Japan suka kama Singafo bayan sun mamaye ƙasar Malaya, wadda a lokacin ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da kuza. Ingila ta wayi gari babbar rijiyar kuzarta tana hannun abokan gaba, alhali kuwa yaƙin zamani ba ya yiwuwa sai da kuza: da ita ake shafe gwangwanin abincin soja don kada ya yi tsatsa, da ita ake liƙe wayoyin rediyo da na jiragen sama, tana kuma shiga cikin sassan injuna. Sai ido ya koma kan tsaunukan Jos, inda kamfanonin Turawa suke haƙar kuza tun farkon ƙarnin, babbansu shi ne Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Aka ce lalle a ƙara abin da ake haƙowa. Sababbin injuna sun yi wuyar samu saboda yaƙi, abin da ke akwai a yalwace shi ne mutane. Su kuwa mutanen ba su son zuwa yadda ake bukata, domin ladan kaɗan ne, aikin mai tsanani, ga tsadar abinci a bariki. A kasuwa, in mai saye ya matsu kuɗi yake ƙarawa. Gwamnati kuwa da ta matsu, sai ta yi doka.

Daga Ikko, zamanin Gwamna Bernard Bourdillon, aka fito da dokar aikin tilas ta lokacin yaƙi. Aka yanka wa larduna adadin ƙartin da kowanne zai kawo. Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwa. Wanda aka nuna zai tafi ya yi wata huɗu yana haƙar kuza, in ya dawo wani ya maye gurbinsa. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin da aka janye dokar, mutum kimanin dubu ɗari aka kwasa ta wannan hanya daga lardunan Arewa, tun daga Sakkwato da Katsina har Binuwai. Talakawa suka raɗa wa abin suna ɗiban gwamna. Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu tsaya a kan wannan suna, don wanda ya fara faɗinsa ya fi mu fahimtar abin da ya faru. Asalin ɗiba na abin da ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya ne, kamar ruwa da hatsi da yashi. Mai ɗiba ba ya duban ƙwaya, cikar mudu yake duba.

Wanda bai taɓa kwana a Bukuru ko Barikin Ladi da hunturu ba, ba zai san abin da aka yi wa mutanen nan ba. A ɗauko manomi daga ƙasa mai zafi, da taguwa ɗaya a jikinsa, a kai shi kan tudun da sanyinsa ke ratsa ƙashi, a cusa shi cikin bukka da wasu ƙarti, da safe a tura shi cikin rami yana sara da diga, ko yana jidar jiƙaƙƙiyar ƙasa da kwanon sarki a ka, ƙafafunsa cikin ruwa. Abinci bai isa ba, magani bai isa ba. Ciwon haƙarƙari da atuni da sanƙarau suka yi ta ɗauka. Ɗaruruwa suka mutu a can, dubbai suka gudu suka bi daji da ƙafa suna neman hanyar gida. A gida kuma ba a tsira ba, don an kwashe masu noma, sa'an nan aka bi ƙauyuka ana tara hatsi na tilas domin ciyar da bariki da soja, a shekarun da abinci ya yi ƙaranci har waɗansu wurare suka yi yunwar da ake kira 'Yar Gusau. Kuzar kuwa ta ƙaru, amma ba daidai da yawan mutanen da aka tara ba, don mayunwacin da aka kawo da igiya ba ya aikin kirki. Wanda ke son ya bi diddigi, Bill Freund, wanda ya koyar da tarihi a Zariya, ya yi littafi a kan leburorin kuza a 1981.

To, ga abin da nake so abokinmu na sashen shari'a ya lura da shi: babu wanda ya karya doka a cikin duk wannan. Komai bisa ƙa'ida aka yi shi, da sa hannu da hatimi. Kai, har ma akwai yarjejeniyar duniya da aka ƙulla a Janeba a 1930 don hana aikin tilas, wadda Ingila ta amince da ita a 1931, kuma a cikinta an hana a tilasta wa mutum ya yi wa kamfanin 'yan kasuwa aiki. Sai dai masu rubuta ta sun bar wata 'yar taga: in ana yaƙi, aikin da aka tilasta bai shiga lissafi ba. Ta wannan taga aka fitar da mutum dubu ɗari. Daɗin daɗawa, a 1936 ne Turawa suka yi dokar da ta ƙarasa soke bauta a Nijeriya ta Arewa, bayan sun shekara talatin da wani abu suna yi mana gori cewa sun zo ne su raba mu da cinikin bayi. Shekara shida kacal bayan haka, ga 'yan doka suna tasa ƙeyar 'ya'yan mutane zuwa tashar jirgi. Na sani akwai bambanci, don ɗan ɗiban gwamna ana ba shi 'yan kwabbai, kuma in yana da sauran kwana yakan dawo. Amma uwar da aka fizge wa ɗa ba ta ga wannan bambanci ba. Abin da doka ta fara yi shi ne ta sake wa abin suna. Da wani ɗan fashi ne ya kama ƙato ya kai shi aiki a wata ƙasa, kowa ya san sunan abin, kuma liman zai yi huɗuba a kai. Da gwamna ya yi, sai ya zama taimakon yaƙi.

Yanzu mu shiga gida. A hutun da ya wuce an ba mu aikin tattaro waƙoƙin daka da na niƙa daga bakin tsofaffin mata, sai na ga ba sai na yi nisa ba tunda ga kakata, mahaifiyar babana. Ta rera mini guda biyar, a cikin ta ƙarshe na ji an ambaci kuza da jirgi da ɗan da bai dawo ba. Na tambaye ta asalin waƙar, sai ta ce in kashe rikodata tukuna. Da na kashe ta ce, "Kai yaro, wannan waƙa da gidanku take."

Kakan babana shi ne dagacin ƙauyenmu a lokacin ɗiban gwamna. Kakata ta tarar da shi da ransa sa'ad da aka kawo ta gidan tana amarya, kuma har yau ba ta ambatonsa sai ta yi masa addu'a. Ta ce mutum ne mai tsoron Allah, ba ya cin abinci shi kaɗai, ba a taɓa jin ya zagi ko da bara ba, azumin Litinin da Alhamis bai wuce shi. Ban kuma sami wanda ya musa wannan ba a duk garin. To, shi ne hakimi ya aiko wa cewa a kawo ƙarti kaza ran kaza. Ba a ce a kawo wane da wane ba, adadi kawai aka faɗa. Yanzu mai karatu ya sa kansa a zauren nan. Dagaci yana da 'ya'ya samari, yana da 'ya'yan 'yan'uwa. Akwai 'ya'yan liman, akwai 'ya'yan mai arzikin garin wanda in haraji ya gaza shi ke cikawa. Akwai gidajen da in ka taɓa ɗansu dangi arba'in za su cika maka ƙofa. Sa'an nan akwai wata gwauruwa a gefen gari, ita da mijinta baƙi ne da suka zo ci-rani suka zauna, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tilo da gona ɗaya. Ba ta da mai tsaya mata. Kowa ya san wanda aka fara rubutawa.

Yaron bai dawo ba. Waɗanda suka tafi tare suka ce tari ya kama shi, aka ɗauke shi daga bukka, daga nan ba su sāke ganinsa ba. Uwar ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, har kakata ta san ta. Ba ta taɓa zagin dagaci ba, ba ta kai ƙara ba, ina ma za ta kai? Abin da ta yi shi ne ta yanke hulɗa da gidanmu. Ba ta ɗiban wuta a gidanmu, ba ta shan ruwan rijiyarmu, ta gwammace ta tafi rafi. Duk babbar salla dagaci yakan aika mata da cinyar ragonsa da ƙwaryar gero, ita kuwa takan sa ɗan aiken ya mayar yadda ya kawo, ko faifan ba ta buɗewa. Kakata ta ce sau biyu da idonta ta ga ƙwaryar ta dawo, tsohon ya dube ta ya ce a shiga da ita ciki, bai ƙara ko kalma ba. In an matsa masa da maganar wancan zamani, abin da yake faɗa ɗaya ne: "Umarni aka ba mu." Wato dai shi da abokinmu na sashen shari'a makarantarsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne, shi tsohon bai yarda da maganar tasa ba, don wanda ya tabbata ba shi da alhaki ba ya shekara da shekaru yana aika cinyar rago gidan da ake mayar masa.

A duba yadda abin yake aiki. Da an kawo wa kakan babana wuƙa an ce ya yanka ɗan matar nan, wallahi da ya zaɓi a yanka shi. Ba wanda ya kawo masa wuƙa. Takarda aka kawo masa. Wanda ya tsara dokar a Landan da Ikko bai taɓa ganin yaron ba, lissafin tan-tan na kuza yake yi. Razdan lamba ya raba. Sarki saƙo ya isar. Malamin hakimi suna ya rubuta. Ɗan doka rakiya ya yi zuwa tasha. Baturen kamfani ya ce shi ba shi ya kawo su ba, gwamnati ce ta ba shi. An yi wa alhaki watanda, an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowa ya ɗauki ɗan kason da bai kai ya hana shi barci ba. Ga gawa a ƙasa amma ba wanda ya yi kisa. Mutum ɗaya mugu iyakar ɓarnarsa inda hannunsa ya kai, kuma dole ya dubi idon wanda yake cuta. Hukuma kuwa tana iya haɗa mutanen kirki dubu su aikata abin da mugu ɗaya ba zai iya ba, ba tare da ko ɗayansu ya ji ya zama mugu ba.

Kuma a lura da inda aka ajiye mafi ƙazantar aikin, wato zaɓe. Bature ya riƙe lissafi, ya bar wa dagaci nuna yatsa. Saboda haka gabar da ta biyo baya ba ta hau jirgi ta tafi Ingila ba, a ƙauye ta zauna tsakanin maƙwabta. Wannan ne ya sa raina yake ɓaci in na ji ana yabon mulkin Turawa ta hannun sarakuna, wai ya kiyaye mana al'adunmu da martabar sarautunmu. Ya kiyaye rawani dai, amma ya mai da mai rawanin ɗan kama. Da can dagaci uban gari ne, shi ake kai wa kuka. Doka ta mai da shi wanda in an hango shi tafe samari suke tsallake danga. Ta kuma koya wa jama'a wani darasi wanda har yau muke karatunsa: tunda dole sai an cika mudu, kuma ba a damu da wace ƙwaya ce a ciki ba, to, mai akuya ya kai akuya, mai zane ya kai zane, a tsallake ɗansa a ɗauki na wani. Uban da ya ba da toshiya don ya ceci ɗansa, wa zai ce masa mugu? Amma akuyar tasa ita ta tura ɗan gwauruwa Jos. Doka ta shirya fage yadda ko ƙaunar ɗa sai ta zama cutar maƙwabci. Masu cewa cin hanci halinmu ne na gado, su riƙa tambaya a wace makaranta aka yi mana bita.

Na san abin da za a ce: ai ba shi da zaɓi, in ya ƙi tuɓe shi za a yi. Gaskiya ne. Turawan da suka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a farkon shekarun 1920 suka kai shi Lakwaja, wanda mu a wannan sashe muka fi sani da waƙoƙinsa, ba za su ji nauyin dagacin wani ƙauye ba. Kuma da an tuɓe shi wani za a naɗa, a ɗebi yaron duk da haka. Na yi ta juya wannan a raina, don ba daɗi mutum ya kafa wa kakansa kotu. Amma a ƙarshe ga inda na tsaya: zaɓi mai tsada ba rashin zaɓi ba ne. A gefe ɗaya rawani, a gefe ɗaya ran ɗan mutane. Ko da bai iya ƙin umarnin ba, yana iya sa ɗansa a cikin jerin, ko ya sa a yi ƙuri'a a bainar jama'a kowa ya ɗauki ƙaddararsa. Bai yi ba. Ya bi ta inda katanga ta fi gajarta. Maganar cewa in ban yi ba wani zai yi kuwa, ita ce igiyar da ta ɗaure kowa a jerin nan tun daga Razdan har ɗan doka. Kowa yana yi ne don ya tabbata na kusa da shi zai yi. Sa'an nan a tuna da dubban da suka gudu daga bariki, da mutanen ƙauyukan kan hanya da suka ba su ruwa da tuwo suka ɓoye su a rumbu. A idon doka waɗannan su ne masu laifi, kakan babana shi ne mai biyayya. Ina so abokinmu ya gaya mini, tsakani da Allah, a cikin biyun wanne yake so a tashe shi tare da shi.

Wani kuma zai ce ai yaƙi ake yi, kuma Hitila ya cancanci a kayar da shi ko ta halin ƙaƙa. Ban musa ba. Amma in har kuzar tana da wannan daraja, me ya hana a biya mai haƙo ta abin da zai kawo kansa da ƙafarsa? Me ya hana a ba shi bargo da abinci kafin a kawo shi? Ramukan na kamfanoni ne masu neman riba, ba a ce su ba da kuzarsu kyauta don taimakon yaƙi ba, saye ake yi. Talaka kaɗai aka ce ya ba da jikinsa. Ko a Ingila ma ba kowa ya haɗiye wannan ba, don 'yan majalisa na jam'iyyar Leba irin su Arthur Creech Jones sun yi ta tayar da maganar aikin tilas a ƙasashen mulkin mallaka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo baya. A 1945, shekara ɗaya da janye ɗiban gwamna, Ingila da ƙawayenta suka kafa kotu a Nuremba don hukunta manyan Jamusawa, suka rubuta a cikin ƙa'idar kotun cewa faɗin "umarni aka ba ni" ba ya wanke mutum. A cikin waɗanda aka rataye a watan Oktoba na 1946 akwai Fritz Sauckel, wanda babban laifinsa shi ne kwaso mutane daga ƙasashen da Jamus ta mamaye zuwa aikin tilas. Ba na cewa laifin ɗaya ne. Shi miliyoyi ya kwasa, kuma da mugunta wadda ta wuce misali. Abin da nake nunawa shi ne, su kansu masu dokar da abokinmu yake karantawa sun yar da hujjarsa tun kafin a haifi iyayenmu. Sun dai yar da ita ne a Turai, ba su waiwayi Bukuru ba.

Ita kanta karin maganar da aka doke mu da ita, gutsure ta aka yi. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san cewa biyayya ga shugaba tana da sharaɗi, kuma iyakarta shi ne inda za a saɓa wa Mahalicci. Masu mulki ne suke son rabin farko, suna mance rabin ƙarshe. In kuma gasar karin magana za a yi, ai Bahaushen da ya ce bin na gaba bin Allah shi ne ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bai ce yana bin wanda ya sa hannu a takarda ba. Kwikwiyon nan bai san hanyar Ikko ba, zauren gidanmu ya zo ya kwanta.

Kada wani ya ce ɗalibin Hausa yana kiran a yi watsi da doka. Garin da ba doka mai ƙarfi ke cinye marar ƙarfi ɗanye, kuma mu da muka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina ba ma bukatar a yi mana lacca a kan haka. Ina bin doka, ina kuma so a bi ta. Abin da na ƙi shi ne a ce ta zama sabulun wanke hannu.

In kuwa ana ganin wannan tsohon labari ne na zamanin Turawa, to, mu tuna da ranar 1 ga Nuwamba, 2024. A ranar aka gurfanar da mutanen da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a gaban babbar kotun tarayya a Abuja, ana tuhumarsu da laifuffukan da suka haɗa da cin amanar ƙasa. A cikinsu akwai yara da yawa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, galibi daga Kano da Kaduna, sun yi kusan wata uku a tsare. Duk mun ga hotunan a wayoyinmu: yara ƙashi da rai, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10, yaran da wataƙila iyayensu ba su taɓa riƙe dubu ɗari a dunƙule ba. Sai da duniya ta yi ca, sa'an nan Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a sake su bayan 'yan kwanaki. To, a ƙirga hannayen da yaran nan suka bi ta cikinsu a wata ukun: wanda ya kama, wanda ya rubuta, wanda ya tuƙa motar, mai gadin ɗakin da aka kulle su, wanda ya buga takardar tuhuma, lauyan da ya karanta ta. Na tabbata mafi yawansu iyaye ne, suna komawa gida da yamma su ɗauki 'ya'yansu su yi musu wasa. Ba Bature ko ɗaya a cikinsu. Kowa aikinsa ya yi, kuma umarnin da ya saki yaran daga inda na kamun ya fito nan shi ma ya fito, wato sama. Da saman ba ta motsa ba, ban ga alamar akwai wanda zai motsa a ƙasa ba.

Shi ya sa tafin nan na zaure ya tsorata ni. Waɗanda suka tafa ba manoma ba ne, mu ne, kuma mu ne za mu zama malaman hakimin gobe. Shekara biyar ko goma nan gaba wani a cikinmu yana ofishin ƙaramar hukuma, wani ɗan sanda ne, wani magatakardar kotu, wani yana gidan rediyo yana fassara sanarwar gwamnati zuwa Hausa mai daɗi. Mu 'yan sashen Hausa ma namu ya fi haɗari, don mu ake kira in ana son a sake wa abu suna yadda talaka zai haɗiye shi. Ranar da takarda za ta sauko daga sama da adadi a jikinta, a ce a rushe rumfuna kaza ko a kawo mutum kaza, mai digiri ne zai zauna ya fitar da sunaye, kuma shi ma zai tarar da gwauruwa a gefen gari. In tun yanzu mun haddace cewa alhaki na mai doka ne, to, an gama horar da mu tun ba a ɗauke mu aikin ba.

Akwai sauran abu ɗaya da kakata ta gaya mini, wanda na so in bari a ciki amma na ga in na bar shi na yi abin da nake zargin wasu da shi. Da matar nan ta rasu ba ta bar magaji ba, tunda magajin nata yana wani rami a ƙasar Jos. Bisa al'ada, kuma hukuma ta yarda da haka, gonar da ba ta da magaji hannun dagaci take komawa ya ba wanda ya ga dama. Ba wanda ya nema, don mutane suna jin nauyinta. Ta shekara biyu saura, sa'an nan aka haɗe ta da gandun gidanmu. Na tambayi babana, ya ce shi tun tasowarsa gonarmu ya san ta, kuma ba wanda ya taɓa yin jayayya, in ina so ma akwai takarda. Gona ce mai kyau, jigawa, tana bakin hanyar rafi. Geron da aka yi mini garin kunun da na zo da shi makaranta wannan zango, a cikinta aka noma shi.